Wuƙar Aljihu da Hannun Hagu

Tun ranar da adaidaita ya kifar da ni a shataletalen Ɗangi
hannun dama ke rataye a wuya.
Mai ɗori ya ce sati shida, ko buta kar in ɗaga.
Sai hagu ya gaji shago,
shi ke karɓar kuɗi, shi ke miƙa canji,
shi ya zaro 'yar wuƙata mai ninkewa
zai yanke igiyar katan ɗin sabulu.

Ta ƙi.

Babban yatsa ya tura, ta motsa tsawon ƙwayar gero
ta ja tunga.
Na sa farce, farce ya tsage.
Na kusa sa haƙori, Hambali yaron shago ya ce,
"Maigida, haƙori fa ba shi da mai ɗori."

Shekara tara tana aljihuna.
A Singa na saye ta, hannun wani direban Maraɗi.
Ta yanka rake, ta ɓare lemo,
ta fere fensirin Bintalo tun tana aji ɗaya,
ban taɓa jin ta yi mini musu ba.

Da dare na ɗiga mata man gyaɗa.
Da safe ta ƙara taurin kai,
ta yi danƙo kamar bakin kwalbar zuma.

Bayan la'asar na bi ta Ƙofar Wambai,
na ratsa 'yan robobi da masu gwanjo
har teburin Malam Tasi'u mai gyaran agogo.
Bai tambayi hannuna ba, wuƙar ya gaisar.
Ya buɗe ta, ya kai kunne,
ya rufe, ya sake buɗewa.
"Ba tsatsa ba ce," ya ce.
"Tsatsa tana kuka. Wannan shiru take."

Ya sa tsinken sakace ya shiga gaɓarta.
Ga abin da ya fito:
audugar aljihu, baƙa ƙirin,
garin goro, ruwan rake da ya bushe ya zama alewa,
wani shuɗin zare na rigar da tuni ta zama tsumma,
ga man gyaɗana na jiya ya haɗa kansu.
Shekara tara a kan yagaggiyar jarida,
ba ta kai ƙwayar wake ba.

Kananzir a murfin kwalba, tsohon buroshin haƙori.
Ya wanke, ya hura, ya goge a gefen riga.
Sannan ya dubi ƙusar da bakin ke juyawa a kanta.
"Wa ya ɗaure wannan?"
Ni ne, bara, da ta fara lilo.
Na murɗa iya ƙarfin dama, lokacin dama na da ƙarfi.
Ya sa siririn sukudireba ya sassauta,
ba zagaye guda ba, ba ma rabi ba,
kamar mai rage muryar rediyo in an kira salla.
"Ka sake ta da yawa, ta yi rawa ta ci yatsanka.
Ka matse, to ka dai gani."

Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki.
Na ce a ƙara.
Ya ce, "Miya ce?"

Ya miƙo. Hagu ya karɓa yana jin nauyi,
yatsa ya tura,
ƙas!
Ta miƙe, hasken yamma ya kwanta a kaifinta.

"Ta daɗe da ciwon nan," in ji shi,
"hannu biyu ne suka rufa mata asiri."

Na tambayi kuɗi.
Ya zaro farin goro ya danne a tebur da yatsa:
"Raba mana."
Na raba, bai zo daidai ba.
Ya ɗauki babban.

A hanya yatsana na ƙaiƙayin sake jin ƙas ɗin nan,
sai na tuna cikin gari nake,
kar a ce ga ɗan daba da furfura.
Na mayar da ita aljihu,
inda sabuwar auduga ke jiranta.